Akurkin Anti Grieta

Shekara talatin da huɗu Magrieta Ruiters ta yi tana ɗinka kujerun mota a wata masana'anta a garin Uitenhage. Duk wanda ya shiga sabuwar mota a ƙasar nan a wancan zamanin, ba mamaki a kan ɗinkinta ya zauna. Ita kuwa tafiyarta ba ta wuce daga unguwarsu ta Rosedale zuwa ƙofar masana'anta, cikin ƙaramar bas mai yagaggun kujeru. Kullum sai ta sa yatsa cikin yagewar, ta yi tsaki, ta ce da direba wanda ya yi masa wannan ɗinkin bai ji tsoron Allah ba.

Anti Grieta 'yan unguwa suke ce mata. Gajeriya ce kakkaura, da tabarau rataye a wuya, babban yatsanta na dama kuwa ya yi kanta har allura ba ta shigarsa. 'Ya'yanta biyu sun yi aure sun tafi Cape Town, gida ya rage daga ita sai mijinta Salmon, wanda kowa ke kira Kawu Sollie. Shi tsohon mai gyaran fitilun sigina ne a layin dogo. Ya kwana a tashoshin daji ba adadi, a kan benci, a kan buhu, har a cikin taragon gawayi. Ranar da ya ajiye aiki ya tsaya a tsakar gida ya rantse cewa shi da kwana a gadon da ba nasa ba sai kabari. Daga nan ya koma kan tattabarunsa na tsere guda arba'in da ke bayan gida, ya sa wa kowacce suna, yana yi musu hira fiye da yadda yake yi wa mutane.

Da Grieta ta yi ritaya, wata uku na farko ta sake wa kujerun falonta riga, ta sake wa na maƙwabta, ta koma kan matasan durƙuso na coci. Da ta rasa abin da za ta ɗinka sai ta kama shuka kabewa da alayyafo a gefen gida. Ƙasar wurin kuwa ba ta da kirki, dole sai da taki. Aka kwatanta mata wani tsohon manomin lemo a wajen Hankey, Faan Lategan, aka ce yana ba da kashin kaji kyauta ga duk wanda zai kwashe. Ta ɗauki akori-kurar gidan da buhuna shida ta tafi.

"Kawu Faan, ina takin?"

"Ga shi can bayan rumbu, Anti. Ki kwashi iya ƙarfinki, sai dai ki yi wa masu gidan sallama tukuna."

Tana zagayawa ta tsaya cak. Ɗakin kajin ba ɗaki ba ne. Karaban ce, irin ɗan ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi hutu da shi, tsohuwar ƙira mai zagayen baya kamar ƙwai. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, gilashin gaba ya fashe an toshe da kwali, ciyawa ta fito ta ƙasan ƙofa. Wani jan zakara yana tsaye a kan rufin yana harararta. Ta leƙa ciki, wari ya buge ta, amma ba ta ja baya ba. Ta ga ɗan murhu, ga 'yan kabad masu madaurin tagulla, ga wurin gado biyu, kowanne kaza ta hau ta yi ɗaiɗai.

Ta cika buhunanta. Sai da ta zo yin sallama ta ce, "Kawu Faan, wannan ɗakin kajin, na sayarwa ne?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Na sayarwa? In na karɓi kuɗi a kan wannan ai fasto sai ya tsayar da ni gaban jama'a. Rabon da ta taka kwalta tun matata tana da rai. Me za ki yi da ita?"

"Tafiya."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba wasa take ba. Ya ce tunda an ce ita gwanar ɗinki ce, yana da kujerun cin abinci shida da marigayiya ta bari, duk sun fashe, ga kujerar tarakta da ke cizonsa kullum. In ta gyara masa su, ta ɗauki abarta. Suka tafa.

Ranar wata Asabar motar ɗaukar lemo ta Faan ta sauke karaban a ƙofar gidan su Grieta. Unguwa ta fito ƙwanta da kwarkwatarta. Matan layi suka toshe hanci suna dariya. Kawu Sollie ya fito daga wajen tattabarunsa da kwanon hatsi a hannu, ya zagaya abin sau biyu, sannan ya tsaya gaban matarsa.

"Grieta, taki kika je sayowa ko masana'antar takin?"

"Tsoho, matsa min in wuce."

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa sanin kina da taɓin hankali ba. Akurki! Akurki kika kawo mana ƙofar gida."

Sunan da ya bi karaban ke nan. Kuma kamar don a gaskata shi, da Grieta ta buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, sai ga wata baƙar kaza kwance a kan ƙwai tara. Ta sha tafiyar kilomita sittin a bayan motar lemo ko gezau ba ta yi ba. Grieta ta buga wa Faan waya ta gaya masa. Ya ce, "Riƙe ta, Anti, gyara ce na yi miki."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Washegari bayan an tashi daga coci Grieta ta tafi unguwar KwaNobuhle wajen ƙawarta Vuyelwa Gqirana, wadda ta shekara ashirin da takwas tana walda a masana'antar da suka yi aiki tare. Doguwa ce siririya, ƙarar injuna ta taɓa mata kunne, saboda haka ko gaisuwa za ta yi sai an ji ta a gida na uku. Ta zo ta shimfiɗa kwali ta kwanta ƙarƙashin karaban da guduma, tana ƙwanƙwasawa tana sauraro, tsatsa na zubo mata a fuska.

"Yaya kika gani, Sisi?"

"Ƙashin bayanta da sauransa!" Vuyelwa ta yi ihu daga ƙasa. "Haƙarƙari biyu ne suka ruɓe. Ta fi ni lafiya, ta fi mijinki nesa ba kusa ba!"

"Ina jinki dai," in ji Sollie daga bayan gida.

"Ai don ka ji na faɗa!"

Wata tara suka yi suna aikin. Sati biyu na farko kwasar kashin kaji kawai suka yi, kabewar Grieta ta wannan shekarar kuwa har yau ana labarinta a Rosedale. Daga nan suka ɓamɓare daɓen katako da ya ruɓe, Vuyelwa ta yanke ƙarafan da tsatsa ta cinye ta liƙa sababbi. Suka bi bola-bola na tsofaffin motoci suna neman gilashi da tayoyi da ƙarfen da ake maƙala ta a mota. Rufin yana yoyo a wuri bakwai. Suka toshe shida, na bakwai ya ɓuya, sai da Grieta ta shiga ciki ta rufe ƙofa da rana tsaka, Vuyelwa ta hau tsani tana zuba ruwa da buta, har ɗigon ya sauka a tsakiyar kan Grieta.

Wata rana suna durƙushe suna kankare tsohon danƙo daga daɓe, Vuyelwa ta ce, "Wai ke, tsakaninki da Allah, me ya kai ki? Da ƙarfin da muke zubawa nan ai da kin gina ɗaki."

Grieta ta ci gaba da kankara. Sannan ta ce mahaifiyarta aikatau ta yi a gidan wasu Turawa a cikin gari, su ma suna da irin wannan karaban. Duk Disamba kafin su tafi bakin teku sai a sa mahaifiyar ta wanke ta ciki da bai, ita kuwa Grieta, tana 'yar shekara takwas, ita ke riƙe bokiti. Wata rana ta faki ido ta hau gadon ta kwanta, ta ja ɗan labulen taga ta leƙa waje. Ba ta yi minti ɗaya ba uwar ta fizgo ta da kunne, don tsoron kada masu gida su gani.

"A lokacin ko da muna da tamu ina za mu kai ta? Kin dai san allunan 'Turawa kaɗai' da ke bakin teku."

"Na san su," Vuyelwa ta ce, wannan karon a hankali. Ta ɗauki abin kankara ta ci gaba. Can ta ƙara da cewa, "To labulen ki yi shi mai kyau."

Ta kuwa yi shi mai kyau. A cikin akwatinta akwai guntayen fata da yadi da ta tara shekara da shekaru, ragowar da ake zubarwa a wurin aiki. Ta harhaɗa su ta yi kujeru, baƙi da ja da ruwan ƙasa, ɗinki biyu-biyu a jere kamar na motar manya. Labule ta yi shi da yadi mai zanen lemo, don tunawa da inda aka samo abar. Waje kuwa suka shafa mata fenti ruwan ɗorawa da farin layi a tsakiya. Matan da suka toshe hanci ranar farko suka fara zuwa da kofin shayinsu suna neman a bar su su zauna ciki.

Duk wannan hidima Sollie yana zaune kan kifaffen akwati a ƙofar ɗakin tattabaru, bai taɓa ko ƙusa ba, amma bakinsa bai huta ba. Fenti ya yi yawa, fenti ya yi kaɗan, wannan ƙofar ba za ta kai bikin Ista ba. Har ranar da aka kai karaban ofishin gwajin motoci. Vuyelwa ce ta haɗa wayoyin wuta. Mai gwaji ya tsaya a baya ya ce Grieta ta kunna siginar hagu, sai ta dama ta kama. Ya ce ta taka birki, sai fitilar cikin ɗaki ta haska. Mutumin ya dafa bango yana dariya, ya ce su je su dawo.

"Ni ƙarfe na sani," in ji Vuyelwa da suka iso gida. "Waya munafuka ce, ba ta nuna abin da ke cikinta."

Sollie ya taso kamar ba ya so, hannu a aljihu, ya leƙa ƙarƙashi. Sai suka ji ya yi salati irin na mutanen coci.

"Wa ya haɗa ja da kore? Wa ya haɗa ja da kore! A layin dogo ai da kin kashe mutum ɗari uku kafin karin kumallo!"

Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar jakarsa ta aiki wadda rabonsa da buɗe ta shekara biyar. Kwana biyu ya yi a kwance a kan kwali. Ya tsige wayoyin kaf, ya ja sababbi, kowacce ya ɗaura mata 'yar takarda da sunanta. Da ya gama ya karkaɗe wando ya ce, "Kada ku ɗauka don akurkinku na yi. Mutuncin lantarki na kare." Da aka koma gwaji, mai gwajin ya kira abokan aikinsa su zo su ga yadda ake haɗa waya.

Saura abu ɗaya, shi ne ja da baya. Grieta ta iya tuƙi tun tana budurwa, amma mota mai jela wani abu ne daban: in ka ce mata dama sai ta yi hagu. Kullum da yamma sai ta tafi filin bayan coci ta jera gwangwanayen fenti tana gwadawa. Ta murƙushe sha ɗaya, ta kusa shiga da ita lambun matar fasto. Mai gadin coci, wanda ya taɓa tuƙa babbar mota, ya gaji da kallon ɓarna ya zo ya ce, "Anti, riƙe sitiyari ta ƙasa. Inda kike so jelar ta tafi, can za ki kai hannunki. Kuma a hankali, ba a kora ki ba." Cikin sati ɗaya ta daina kashe gwangwani.

Tafiyar farko a watan Maris suka yi ta, bayan yara sun koma makaranta, ita da Vuyelwa, zuwa wani sansanin hutu a inda kogin Gamtoos ke shiga teku. Sollie ya raka su bakin titi yana cewa in taya ta fita kada su kira shi. Sai da suka yi nisa Grieta ta ga ya ajiye mata jakarsa ta aiki a bayan kujera.

Wurin da aka ba su a sansanin matsattse ne, tsakanin wata bishiya da famfon ruwa, kuma dole sai da baya za a shiga. Kewaye da su manya-manyan karaban ne farare masu sheƙi, masu su suna zaune a inuwa suna gashin nama. Suna ganin tsofaffin mata biyu da ƙwai mai ruwan ɗorawa sai suka taso da kwalabensu a hannu, abin kallo ya samu. Wani ƙato mai gajeren wando da jan wuya, Kobus Odendaal, ya matso taga.

"Anti, kawo makulli in saka miki ita. Wurin nan ko ni sai na yi sau uku."

"Na gode, ɗana. Kai dai riƙe kwalbarka da kyau kada ta zube."

Ta kama sitiyari ta ƙasa. Karon farko jela ta nufi famfo. Vuyelwa tana baya tana ihu, "Hagu! Ba wannan hagun ba, ɗayan!" Karo na biyu ta kusa shafar bishiya. A na uku karaban ta shige sumul ta tsaya daidai kamar an auna da awo. Mazan suka ajiye kwalabe suka tafa mata. Kobus ya cire hula ya ce, "Sau uku, Anti. Mun yi kunnen doki."

Da safe Grieta ta riga kowa tashi. Ta dafa kofi a ɗan murhun, ta buɗe ƙofa ta zauna a kan matakala ba takalmi. Teku na nan gabanta, ko'ina fari da kumfa, tsuntsaye na bin bakin ruwa da gudu. Duk rayuwarta ba ta fi tafiyar awa ɗaya da shi ba, ta sha zuwa ta yini ta koma, amma ba ta taɓa buɗe ido ta gan shi tun bai gama wayewa ba. Kofin ya huce a hannunta ba ta sani ba. Abin da ya dawo da ita shi ne ihun Vuyelwa, don wani biri ya zuro hannu ta taga ya ɗauke burodinsu sukutum ya haye bishiya, yana ci yana kallonsu.

Rana ta biyu da la'asar iskar teku ta taso da ƙarfi. Rumfar tamfol da Kobus ya kafa a jikin karaban ɗinsa ta yage daga sama har ƙasa, tana kaɗawa kamar tuta, matarsa na bin faranti da gudu. Da iska ta lafa Grieta ta je ta duba yagewar, ta sa yatsa a ciki, ta yi tsakin nan nata. Ta koma ta ɗago kujera ta fito da keken ɗinkinta na hannu, wanda ta zo da shi ba don komai ba sai don ba ta iya kwana nesa da shi. A kan teburin cin abinci ta ɗinke rumfar, Kobus na riƙe mata gefe kamar ɗan koyo. Ya laluba aljihu, ta harare shi har ya fitar da hannunsa. Washegari sai ga shi da ƙaton kifi da ya kamo, ya gasa musu da kansa, matarsa ta kawo burodin da ake gasawa a kan garwashi.

Labari ya bazu a sansanin. Wannan ya kawo tanti mai mataccen zif, wancan kujera mai naɗewa, wata ta kawo rigar kare. Vuyelwa ta ce, "Ke, hutu muka zo ko reshe muka buɗe?" Daga ranar Grieta ta kafa doka: duk sansanin da ta sauka, ɗinki na safiya ɗaya ne kawai, wanda ya makara ya kai wa tela.

Da suka dawo gida bayan kwana biyar suka tarar da Sollie ya ɗan faɗa, kwandon shara cike da gwangwanayen kifi. Ya ce shi bai ma lura ba su nan ba. Suka yi tafiya ta biyu, suka yi ta uku, har gandun giwaye na Addo, yana nan a kan bakansa.

Tattabaru ne suka karya shi. Da sanyi ya shigo aka fara tsere a ƙungiyarsu ta masu tattabaru, nasa suka zo na ƙarshe sau biyu a jere. Tattabarar tsere sai ana kai ta nesa ana saki take koyon hanya ta yi ƙarfin fiffike, shi kuwa bai taɓa kai nasa inda ya wuce garin Despatch da ke nan kusa ba. Wata safiya yana juya cokali a shayi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Na ji wai Graaff-Reinet za ki. Da za ki tafi min da kwando ɗaya, ki buɗe shi da sassafe. Buɗewa kawai."

"Akurkina ba ya ɗaukar fasinja ba mai rakiya."

"Grieta, kin san na yi rantsuwa."

"Na sani. Gadon da ba naka ba, ko?"

Ya tafi taron ƙungiya da rana. Kafin ya dawo ta ciro katifarsa daga kan gado, ta auna, ta sa wuƙar burodi ta yanke mata tsawon hannu ɗaya, ta ɗinke bakin, ta shimfiɗa ta a cikin karaban da matashinsa da bargonsa mai ƙanshin man zafi. Ya dawo ya tsaya a ƙofar karaban yana kallo, baki buɗe.

"Ga gadonka nan, tsoho. Rantsuwarka ba ta ce dole sai a Rosedale ba."

Ya miƙa hannu ya shafa katifar. Daga ƙarshe ya ce, "To yanzu in na ƙi zuwa a kan me zan kwana?"

Haka aka tafi da shi, da kwando mai tattabaru goma sha biyu, aka bar Vuyelwa ta tsare gida ta jira isowarsu. Duk hanya yana riƙe da ƙofa yana cewa ta rage gudu, alhali manyan motoci na wuce su suna hon. Amma da suka wuce Jansenville ƙasa ta buɗe, ba gida ba bishiya sai duwatsu can nesa da awaki masu dogon gashi, sai ya saki ƙofar. Ya sauke gilashi ya shaƙi iskar. Ya yi barci a sansanin Graaff-Reinet har sai da ta tashe shi, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurensu.

Raɓa ta daskare a kan ciyawa da safen. Ya fito da kwandon fili, ya durƙusa yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗaga murfi. Suka tashi fir gaba ɗaya, suka zagaya sama sau uku, suka miƙe kudu. Ya tsaya da hula a ƙirji yana kallo har suka ɓace. Kafin su gama naɗe kaya su sha shayi na biyu, awa uku da 'yan mintoci, wayar Grieta ta yi ƙara. Ba ta ko buƙaci kai ta kunne ba.

"Sun iso! Goma sha ɗaya! Gaya wa tsohon naki!"

Sollie ya yi tsalle kamar yaro, sai kuma ya tsaya. Goma sha ɗaya? Ya shiga lissafa su da suna, fuskarsa ta sauya, ya fara maganar shaho. Grieta ce ta ɗaga kai ta taɓa shi ta nuna masa. Can a kan rufin karaban wani shuɗin namiji ne zaune, ya kumbura gashi yana shan hantsi hankali kwance. Ashe ya zagaya tare da 'yan uwansa ya dawo.

"Wannan ya fi ku wayo duka," in ji Grieta. "Ya ga mota a ƙasa, me zai wahalar da fiffikensa?"

A kan cinyar Sollie ya koma gida, yana shan faɗa duk hanya.

Tun daga nan ba a sake barin Sollie a gida ba, sai dai a roƙi wani ɗan ƙungiya ya kula da tattabaru. Da yake gado biyu ne kacal, Grieta ta ɗinka tanti da ake maƙalawa a gefen karaban. An yi niyyar Vuyelwa ce za ta riƙa kwana a ciki, amma da aka gwada minsharin Sollie a ɗaki mai faɗin taku huɗu, aka fitar da shi da katifarsa, matan suka riƙe ciki. Sun je Tsitsikamma ruwan sama ya tsare su kwana uku suna karta. Sun je har Namaqualand ganin furanni suka tarar sun makara da sati biyu, suka ci naman rago suka dawo. Tattabarun Sollie ba su taɓa zuwa na ɗaya ba, amma sun zo na uku sau ɗaya, aka ba shi ɗan kofi wanda bai fi na shan magani ba, ya kafe shi da ƙusa a kan kabad ɗin karaban.

A watan Fabrairun bana, suna kan hanyar Willowmore cikin zafi, sun wuce Klipplaat kaɗan, Sollie ya ce ta saki kwalta ta bi wata hanyar ƙasa da ke gefen layin dogo. Ta ce ina za su. Ya ce ta dai bi. Suka yi ta gwaruwa, kwanuka na ƙara a baya, Vuyelwa na cewa in ƙarfenta ya karye shi zai biya da tattabaru. Can suka iso wata 'yar tasha da aka daɗe da bari: ɗaki ɗaya ba rufi, sandar sigina ta karkace, da tsohon tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe yana ɗiga. A gindin tankin wata ƙatuwar bishiyar ɓaure ce, ta baje rassa har ƙasa, ta yi 'ya'ya baƙi ƙirin, tsuntsaye na ta shagali.

Sollie ya fita ya dafa ta. Ya ce nan aka fara turo shi aiki yana ɗan shekara goma sha tara, shi kaɗai, wata takwas, jirgi biyu a rana. Kewar gida ta ishe shi har yana kuka. Wata rana wani direban jirgi ya jefo masa reshen ɓaure ta taga ya ce ya dasa ya samu abokin hira. Ya dasa shi da cokali, yana ba shi ruwan wanke fuskarsa.

"Shekara arba'in da bakwai muna tare," in ji Grieta, "ban taɓa jin wannan ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Kai ne ka dasa wannan?" Vuyelwa ta ce, bakinta cike da ɓaure. "Ashe ka taɓa yin abin kirki!"

Suka kwance karaban a inuwar. Grieta ta fito da babbar tukunya da duk sukarin da suka zo da shi, ta ce ba za ta bar wa tsuntsaye wannan arziki su kaɗai ba. Sollie ya hau kan rufin akori-kura yana tsinka yana miƙo wa Vuyelwa a hula, bakinsa kuwa ya ɓalle: labarin direban da ke dafa ƙwai a kan shebur, da ranar da jimina ta kore shi har saman sandar sigina ta tsare shi awa biyu. Grieta tana juya tukunya a bakin ƙofa, zuma na bin hannunta, tana cewa ƙarya yake yi, ya ci gaba.

An shirya a Willowmore za su kwana ranar. Sai bayan kwana biyu suka isa, da kwalba tara na ɓaure a ƙarƙashin kujera, Sollie kuma da reshe ɗaya naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul, suna gardama shi da Grieta kan ko gefen kabewa za a dasa shi ko bayan ɗakin tattabaru.